Zazzaɓin kwana biyu, yaro ya daina gane uwarsa: wa ya taɓa jin ciwon ANE?

Maman Biyu:
Slm ƴan uwa, don Allah ina neman addu'arku, kuma ina neman wanda ya san wani abu ya yi min bayani. Yaron ƙanwata ne da take aure a Amurka, shekararsa huɗu, lafiyayyen yaro wlh ɗan ƙiriniya da baya zama waje ɗaya. Ran Lahadi ya tashi da zazzaɓi da tari da yoyon hanci, suka kai shi asibiti aka gwada akace fulu ce, murar nan tasu mai zafi ta lokacin sanyi, aka basu magani suka dawo gida. Litinin ya yini a kwance amma ya sha shayi har ya karɓi waya yana kallon katun. Talata da asuba ya fara amai, tana cikin goge masa baki sai taga ido ya kafe jiki ya hau jijjiga, da ta lafa ta kira sunansa sai ya bita da kallo kamar bai taɓa ganinta ba. Tace min Yaya wallahi wannan kallon ya fi jijjigar tsorata ni. Kafin la'asar ɗin ranar an sa masa na'urar numfashi. Sun ɗau hoton ƙwaƙwalwa sunce wai ANE ne, ni ban taɓa jin sunan ba, Hajiyarmu kuma tun jiya kuka take tana cewa iska ce ta shafe shi a dawo mata da jikanta gida. Na rasa me zan ce mata na rasa me zan ce wa ƙanwar tawa.

Hajiya Babba:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya tashi kafaɗunsa, Allah ya dubi uwar nan da take ita kaɗai a ƙasar mutane ba uwa ba ƴar uwa. Ki riƙe Hajiyarku da lallashi kar hawan jini ya kama ta.

Amaryar Bana:
Subhanallah daga mura kawai?? Ni dai tsoro ya kama ni, nawa wata tara kullum cikin mura yake

Kawun Yara:
Allah ya bashi lafiya. Amma ni maganar Hajiya ba zan watsar da ita ba, yaro yana wasa jiya yau bai san uwarsa ba, wace irin mura ce wannan? Mun girma muna mura har majina ta bushe a leɓe ba wanda ya suma. Turawa in abu ya fi ƙarfinsu sai su raɗa masa suna da haruffa uku.

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam Maman Biyu, Allah ya bashi lafiya. Bari in yi bayani gwargwadon yadda zai shiga, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

ANE, taƙaicen sunan Turanci acute necrotizing encephalopathy, ciwon ƙwaƙwalwa ne na gaske amma ba kasafai ake ganinsa ba, likitan yara zai iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ga ko guda ba. Wani likita ɗan Japan, Masashi Mizuguchi, shi ya bayyana shi da wannan sunan a 1995, kuma da farko a Japan da Taiwan aka fi samunsa har aka zaci na mutanen can ne, daga baya aka ga ashe yana ko'ina. Yakan biyo bayan zazzaɓin bairos, fulu ce kan gaba, akwai kuma wani bairos na jarirai mai sa zazzaɓi sannan ƙuraje su feso bayan zazzaɓin ya sauka, har korona ma an gani.

Kawu, abin da kace akwai ƙamshin gaskiya a ciki, murar ita kanta ba ita ke cin ƙwaƙwalwar ba, in an ɗebo ruwan ƙashin bayan yaron aka gwada galibi ba a samun ƙwayar cutar a ciki. Garkuwar jikin yaron ce take wuce gona da iri. Ka ɗauka ɓarawo ya shigo layi, ƴan sintiri suka fito da ƙarfinsu, garin su kama shi suka banka wa gidan wuta, to ɓarawon ya zo da ƙaramar ɓarna masu gadin suka yi babbar. Wutar kuma ta fi kama wani waje can tsakiyar ƙwaƙwalwa da muke cewa talamus, guda biyu ne dama da hagu, kamar tasha ce da saƙonnin ido da kunne da fata suke bi kafin su isa inda za a fahimce su, kuma yana da hannu wajen riƙe mutum a farke. Shi ya sa yaron ya kalli uwarsa ido a buɗe amma saƙon bai isa ba. A hoton MRI sai kaga tabon a ɓangaren dama da hagu iri ɗaya kamar an sa madubi, wannan shi ne babbar shaidar da likitocin can suka gani.

Maman Biyu:
Dakta na gode Allah ya saka da alheri. Ta faɗa min wannan maganar ta dama da hagu amma ban gane ba sai yanzu. To yana da magani? Tace suna ta ɗura masa abubuwa ta jijiya har da wata na'ura da take fitar da jini tana mayarwa

Likitan Yara:
Babu ƙwaya ɗaya da za a ce ga maganinsa, abin da ake yi shi ne a kashe wutar da wuri. Sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya, maganin kwantar da kumburi, shi ne na farko, kuma an lura waɗanda aka fara musu a cikin awa 24 na farko sun fi dacewa. Ana ƙara garkuwar da aka tace daga jinin mutane, ko wani magani tocilizumab da yake toshe ɗaya daga cikin sinadaran da suke rura kumburin. Na'urar da ta gani ta sauya ruwan jini ce, a cire ruwan da ya cika da sinadaran a zuba wani. Sai maganin fulu ɗin, da tsayar da jijjiga, da rage kumburin kai don shi ne yake kisa. Daga abin da kika faɗa an fara masa a ranar, wannan alheri ne babba.

Maman Biyu:
Don girman Allah Dakta ka faɗa min gaskiya kar ka ɓoye, ana tashi?

Likitan Yara:
Ana tashi Hajiya, amma ba zan shafa miki mai a baki ba, ciwo ne mai nauyi. A 2025 likitocin Amurka sun haɗa bayanan yara 41 da suka kamu da shi bayan fulu a lokutan sanyi biyu, 11 daga ciki sun rasu, kuma yawancin masu rasuwar a cikin kwanakin farko ne. Kusan uku cikin huɗu na yaran lafiyarsu ƙalau kafin nan, kamar naku. Cikin waɗanda suka rayu fiye da rabi bayan wata uku suna da sauran naƙasa, wani magana wani tafiya wani haɗiya, amma akwai waɗanda suka miƙe suka taka da ƙafarsu, kuma ƙwaƙwalwar yaro tana ci gaba da gyaruwa watanni bayan an sallame shi in ana gashi da motsa jiki. Duk kwanan da ya ƙara a wannan makon nasara ce.

Kawun Yara:
To ni tambayata Dakta, yaran can ba sa rabuwa da allura, daga wannan sai wannan, anya ba allurar rigakafin bace ta birkita garkuwar da kake faɗa? Ni dai ina tambaya ne ba rigima nake nema ba

Maman Biyu:
Kawu wlh abin da yake cin ƙanwata kenan amma ta bayan hannu. Bana ba a yi masa allurar fulu ba, sun zo gida bikin ƙaninmu suka daɗe, da suka koma kullum tana cewa sati mai zuwa sati mai zuwa. Yanzu ko abinci bata ci cewa take ita ta kashe ɗanta

Likitan Yara:
Kawu ka ji amsarka, kuma a cikin yaran nan 41 ma kaɗan ne ƙwarai aka yi wa allurar fulu ta shekarar, mafi yawansu ba a yi musu ba. A can likitocin yara suna so duk yaro daga wata shida a yi masa duk shekara saboda ƙwayar tana canja kama. Amma Maman Biyu ki gaya wa ƙanwarki ta daina wannan maganar. Yara miliyoyi suna yin fulu ba allura su warke a kwana biyar, kuma allurar tana rage haɗari ne ba wai ta rufe ƙofa ruf ba. Uwar da ta ga kallon ɗanta ya canja ta ɗauke shi a take ita ce ta sa har yanzu yake numfashi.

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Ina so in sa baki kan maganar Hajiyarsu. Ba mu musun akwai aljanu, Alƙur'ani ya ambace su, amma ba kowace suma ce tasu ba kuma ni da ake kawo wa yara a yi musu tofi na sha gani, yaro jiki kamar garwashi wuya ya sanƙare ace Malam a yi masa ruƙiyya. Ni abin da nake cewa ku tashi mu hau a daidaita sahu, zan yi ta karatu a hanya har ƙofar asibiti, karatu baya buƙatar sai an zauna a zaure. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani, kuma ya ce a sanyaya zazzaɓi da ruwa. Ki ce wa Hajiya ta yi ta addu'a daga inda take, addu'ar kaka bata neman biza. Ɗauko yaro daga kan na'urar numfashi kuwa ko a mafarki kar a yi.

Hajiya Babba:
Allah ya biya Malam, wannan magana ta yi

Uwargidan Zariya:
Na daɗe ina karantawa ina goge abin da na rubuta. Shekara shida kenan da na rasa ƴata, shekararta uku. Da damina ne, zazzaɓi ya kamata ran Alhamis muka kaita kemis ɗin layinmu aka yi mata allura aka bamu sirof, Juma'a ta ɗan ware har ta ci ɗanwake cokali biyu, cikin dare wajen ƙarfe ɗaya naji gadon yana motsi na haska fitila naga tana taune-taune kumfa a baki. Surukata ta fito ta danna mata cokali a baki, aka murza albasa aka shaƙa mata, aka turara hayaƙi har ni kaina ina tari, abin ya lafa sai tayi shiru, surukata tace ai barci take a barta ta huta. Ni kuma zuciyata bata kwanta ba don na ɗaga hannunta na saki ya faɗi yaraf kamar tsumma, na tsunkule ta bata ce uffan ba, amma maigidan baya gari kuma ina jin nauyin in musa wa babba. Sai da gari ya waye muka samu mota. A asibiti sukace maleriya ce ta hau kai, ta kwana biyu ta cika. Dakta tun ɗazu nake tunani ko ita ma wannan ANE ɗin ne?

Amaryar Bana:
Wayyo Allah Anti kin sa ni kuka. Allah ya sa mai ceto ce

Likitan Yara:
Allah ya jiƙanta ya baki ladan haƙuri. A ƙasarmu, da damina, yarinya ƴar shekara uku da zazzaɓi da jijjiga da doguwar suma, maleriyar da ta hau kai ita ce kan gaba nesa ba kusa ba, sai sanƙarau musamman da rani, kowa ya tuna 1996 da ya kashe dubban mutane a arewa. ANE yana can ƙarshen layi. Sai dai akwai wani tarko da mu kanmu likitoci muke faɗawa, yaranmu da yawa suna yawo da ƙwayar maleriya a jini ko lafiyarsu lau, don haka gwaji ya nuna maleriya baya nufin ita ce ta sumar da yaron. A Blantyre ta ƙasar Malawi an taɓa binciken gawarwakin yaran da aka ce maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, aka tarar kusan ɗaya cikin huɗu wani abu ne daban. Shi ya sa in yaro ya zo a sume muke haɗa masa maganin maleriya da na sanƙarau tare, ba ma jira.

Sista ta Imajensi:
Anti Uwargida ki yafe min zan ɗauki labarinki in yi magana a kai don masu ƙananan yara irin Amarya, ba don in tayar miki da miki ba. Ni a ɗakin imajensi na yara nake aiki kuma abin da kika ce na hannu ya faɗi yaraf shi ne duk maganar. Iyaye kullum zafin jiki suke aunawa, jiki yayi zafi sosai su firgita jiki ya huce su kwanta, alhali mu hankalin yaron muke dubawa. Yaro zai iya kai 40 a ma'auni yana kuka yana ture ki yana neman nono, wannan yafi kwantar min da hankali akan wanda jikinsa ɗumi-ɗumi amma kin kira shi baya juyowa, ko ya buɗe ido bai san ki ba, ko yana surutai marasa kan gado, ko jiya yana tafiya yau ya kasa zama, ko duk abin da ya shiga cikinsa sai ya dawo.

Jijjigar zazzaɓi ta yau da kullum tana samun yara daga wata shida zuwa shekara biyar, minti ɗaya biyu ta wuce, yaro yayi ɗan barci ya farka ya gane mutane, ita wannan bata taɓa ƙwaƙwalwa. Amma in ta haura minti biyar, ko ta dawo a rana ɗaya, ko ta wuce yaro bai dawo hayyacinsa ba, to ba barci yake ba. Kuma ko ta farkon ce a kawo shi a duba. Lokacin da yake yi ki kwantar da shi ta gefe, ki sassauta riga, ki duba agogo, kar a sa masa komai a baki. Cokalin nan wlh na ga haƙoran da ya karya na ga harshen da ya tsaga, yaro baya haɗiye harshensa wannan zance ne kawai. Ɗura ruwa ko rubutu ko manja a bakin wanda ya suma kuwa huhu yake tafiya, sai mu koma jinyar ciwo biyu.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, Allah shi ba yaro lafiya. Ni kam ina da ja kaɗan. Mu nan ƙauyen da na fito ko sikana sai an yi tahiya mai nisa balle wannan MRI, kuɗinta kuma sai an saida bisa. To mi amfanin sanin sunan cuta da ba mu iya ganinta ba mu iya maganinta? Sai dai ta ƙara ma mata tsoro, ga Amarya nan ta ruɗe. Mu palu, zazzaɓin sauro, ita ce ka kashe muna ɗiya, ita ya kamata a yi ta magana

Sista ta Imajensi:
Yaya na Maraɗi rabin maganarka na yarda da ita, palu ɗin ce babbar mai kisa kuma ita ce ta fi cancantar surutu. Amma ka lura ƙofar shiga ɗaya ce. Ko maleriya ce ko sanƙarau ko ANE, abin da uwa zata gani a gida iri ɗaya ne, zazzaɓi sannan hankali ya gushe, kuma abin da za a fara yi a awa ta farko baya buƙatar MRI, a tsaga yatsa a duba suga don sugan yaro yana faɗuwa ya sumar da shi kuma ruwan suga ta jijiya yana tashinsa a take, a tsayar da jijjiga, a sa oksijin, a yi allurar atesunet ta maleriya, a fara maganin sanƙarau, sannan a tura gaba. Wannan ko ƙaramar likita ta kusa da ku tana iya yin mafi yawansa. Har akwai atesunet na matsawa ta dubura da ake sa wa yara ƴan ƙasa da shekara shida kafin a kai su babban asibiti. Sunan cutar aikinmu ne, ku dai ku kawo shi cikin daren.

Ɗan Maraɗi:
To Sista na ji, amma cikin daren da wace mota? Mu amalanke muka sani

Sista ta Imajensi:
Wannan kam bani da amsarta wlh. Sai dai abin da nake gaya wa ƴan uwana na ƙauye, duk mai ƙaramin yaro ya ajiye lambar mai babur ɗaya da ya san zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare, kuma in masu rabon maganin rigakafin maleriya na damina sun zo gida-gida a ba yaran su shanye na kwana ukun duka ba a ajiye a saman kwaba ba

Mai Kemis:
Ni dai na ga ana ta ambaton kemis kamar mu ne muke kashe yaran. Uwa zata zo da dubu ɗaya a hannu tace a bata na zazzaɓi, kace ta tafi asibiti tace kati da layi da kuɗin mota, in ka hana ta ta tafi shagon gaba. Ba ina kare masu yi wa yara allura barkatai bane amma a riƙa adalci

Uwargidan Zariya:
Malam ni ban zagi kowa ba labarina na bayar

Likitan Yara:
Mai Kemis ba a ce ku ne ba, kuma tunda ku ake fara zuwa wa kuna iya ceton da mu ba za mu iya ba. Roƙo ɗaya zan yi maka, asfirin. Akwai wani ciwon ɗan uwan wannan da ake kira Reye, sunan likitan Ostireliya da ya bayyana shi a 1963, shi ma yaro yana murmurewa daga fulu ko farankama sai amai ya ɓarke ya ruɗe ya suma, hanta da ƙwaƙwalwa su kumbura tare. Aka gano yana da alaƙa da ba yara asfirin lokacin zazzaɓin bairos. A Amurka a 1980 an ƙirga yara 555, da aka gargaɗi iyaye aka daina basu sai ciwon ya kusa ɓacewa, a Ingila ma ƙa'ida ce ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 sai likita ya rubuta. Mu nan kuma garin maganin ciwon kai na ƙulli da ake sayarwa a tasha da kasuwa da yawansu asfirin ne a ciki, uwa ta ɗiba kaɗan ta dama wa yaro. Yaro mai zazzaɓi farasitamol gwargwadon nauyinsa ya wadatar. Kuma in an kawo maka wanda baya amsa kira kar ka karɓi kuɗin, ka tare musu abin hawa.

Mai Kemis:
Wannan na asfirin na sani Dakta, amma na garin ƙullin ban taɓa kawo shi a raina ba gaskiya, kuma mata suna saya sosai. Na ji

Amaryar Bana:
Dakta to mu ma mu nemi allurar fulu ɗin ne? Ban ganta a katin rigakafin yarona ba

Likitan Yara:
Bata cikin jerin da gwamnati take yi kyauta a nan shi ya sa baki ganta ba. Ki cika waɗanda suke kan katin tukuna, ƙyanda da sanƙarau da sauransu, ita ƙyanda ma tana taɓa ƙwaƙwalwa, ki sa shi a gidan sauro. Murar da yaronki yake yi yana wasa yana shan nono ba ita muke magana ba Amarya, ki kwantar da hankalinki.

Maman Biyu:
Ƴan uwa kuyi haƙuri kwana biyu ban leƙo ba. Wata sabuwa kuma, sunce zasu ɗebi jinin yaron da na iyayensa da na ƙanwarsa ƴar wata goma sha ɗaya wai gwajin gado. Mijin ya kira ni ransa a ɓace wai ana so ace daga danginsu ne ko daga namu, Hajiya kuma tace mu kaf zuri'armu ba mai farfaɗiya. Dakta meye gaskiyar abin?

Likitan Yara:
Ba farfaɗiya suke nema ba kuma ba neman mai laifi bane. A 2009 an gano wasu iyalai da ciwon yake maimaituwa a cikinsu suna da canji a wata ƙwayar gado mai suna RANBP2. Daga uwa ko uba ɗaya ma ya isa a gada, kuma mutum zai iya ɗauke da ita har ya tsufa bai taɓa ciwon ba, shi ya sa Hajiya zata iya rantsuwa ba a taɓa yi a zuri'a ba kuma gaskiyarta ne. Wani lokacin ma a jikin yaron canjin yake farawa, iyayen basu da shi. Yawancin masu ANE ba a samun komai a gwajin. Amfaninsa shi ne in an samu, an san ciwon zai iya dawo masa, kuma in ƙanwar tana da ita to duk zazzaɓin da ta yi ba a jira, likitoci sun san me suke tsaro tun daga bakin ƙofa. Ki lallaɓa mijin ya bari a yi.

Kawun Yara:
Irin abin nan ne yake raba aure a banza, dangin miji suce na matar ne. Allah ya kyauta. Ni dai na janye maganar allura tunda ba a yi masa ba, amma a ci gaba da sadaka

Malamin Islamiyya:
Sadaka kam a yi Kawu, mun sa shi a addu'ar ɗalibai bayan asuba

Maman Biyu:
Alhamdulillah ala kulli halin. Jiya kwana tara aka cire masa na'urar numfashi yana yi da kansa. Baya magana, hannun dama a ƙage yake, abinci ta robar hanci ake bashi, sunce daga nan asibitin gashi za a mayar da shi kuma zai daɗe. Amma ɗazu ta kira ni ta bidiyo, ta zagaya ta ɗaya gefen gadon tana kiran sunan da take masa na wasa sai naga idonsa ya bita a hankali har ya tsaya a kanta, ta saki wayar ta faɗi ƙasa sai silin nake gani ina jin kukanta. Hajiya ta daina maganar a dawo da shi, yanzu rigimarta wai a nema mata biza ta je ta yi jinya, matar da ko Abuja bata taɓa zuwa ba. Mijin ya yarda an ɗebi jinin, sunce sakamakon sai nan da wasu makonni. Dakta in ya fito akwai abin nan a jinin ƙanwata, ni da nawa biyun mu ma sai mun yi ko?

Likitan Yara:
Alhamdulillah, bin ido ɗin nan ba ƙaramin abu bane. Bari sakamakon ya fito tukuna, in a ɓangarenta aka samu sai mu yi maganar ke da yaranki, in babu shikenan. Ki tambaye ta ko sun fara gwada masa haɗiya.

Maman Biyu:
Tace gobe zasu gwada da ruwa a cokali